Amanar Yaran da Muke Yawo da Muryarsu

 

Ya 'yan'uwa, sau da yawa a wurin wa'azin dare ko walimar saukar Alƙur'ani, a Birnin Kebbi ko Argungu ko garuruwan da ke kewaye da su, mukan ga an jero yara goma ko goma sha biyar cikin fararen kaftanai iri ɗaya, guda yana bayarwa saura suna amshi. Suna rera waƙoƙin tauhidi da biyayyar iyaye, babu ganga babu kalangu. Jama'a su yi ta kabbara, zukata su yi laushi. Idan an tashi kowa ya nufi gidansa, ba a cika samun mai tambayar inda yaran nan za su kwana ba, ko abin da suka ci, ko aji nawa suka baro. A kan wannan tambaya nake son mu tsaya.

Na taɓa raka irin wannan tawaga kwana shida a ƙarshen hunturu, a matsayin malamin da zai kula da karatunsu. Mun tashi daga Birnin Kebbi bayan sallar azahar cikin bas guda, yara goma sha huɗu da manya huɗu, ga lasifika da janareta an ɗaure a bisa. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu bai wuce kilomita 60 ba, amma daga can aka ce ana jiranmu a wani ƙauye, daga ƙauyen nan kuma wani, har muka ratsa fadamar Rima muka doshi yamma. Kullum tsarin ɗaya ne. Mu isa da la'asar, a ba yara fura ko ɗan abin da ya samu, su yi gwaji har magariba. Taro ba ya kankama sai bayan isha'i, kuma su ake ajiyewa zuwa can ƙarshe don kada jama'a su watse. Sai sha biyun dare ko ƙarfe ɗaya ake shimfiɗa musu tabarmi a ajin makaranta ko zauren mai masauki, babu gidan sauro, alhali muna bakin fadama. Da asuba a tashe su. Karatun da aka ɗauke ni dominsa, sau biyu kacal muka zauna masa a kwana shida, kuma rabinsu gyangyaɗi suke yi. A dare na huɗu muryar mai bayarwa ta dishe, aka jiƙa masa citta da zuma, aka ce ya daure. Ya daure. Ni ma na yi shiru, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kan shirun nan.

Babu mugu ko ɗaya cikin waɗanda muka yi tafiyar da su. Kowa lada yake nema. Amma kyakkyawar niyya ba ta sauke haƙƙi. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, yaranmu kuwa ba sa samun awa biyar a dare. Mun san kuma abin da cunkoson ɗaki ke jawowa idan bazara ta shigo, domin annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa, ta 2017 kuma ta taɓa Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Sannan ga maganar kuɗi. Ana yi wa yaran liƙi, masu hali suna ba da kyauta, duk a tattara a ce na mai ne da gyaran lasifika. Wataƙila gaskiya ne, amma babu littafin da aka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, yaro kuwa ba ya iya tambayar malaminsa lissafi. Dukiyar da aka samu da gumin wanda bai balaga ba abar tsoro ce ga duk mai tunanin hisabi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen lamarin. Zaƙin muryar yaro aro ne. Galibi tsakanin shekara 12 da 15 maƙogwaro yakan girma, jijiyoyin murya su ƙara tsawo da kauri, muryar ta fashe. Ranar da haka ta faru sai a nemo wani ƙarami a ba shi kaftanin. Shi kuwa wancan ya koma aji ya tarar sa'o'insa sun yi masa nisa a Nahawu da Lissafi, haddarsa ta zube, ga shi ya saba da yabo da tsayawa gaban jama'a, zaman ɗalibta ya yi masa nauyi. Mun sha romon muryarsa, mun bar shi da ƙashi.

Wani ɗan'uwa zai ce: ai tafiya da yara don da'awa gado ne, kuma tafiya mabuɗin ilmi ce. Na yarda, sai dai mu dubi gadon da kyau. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajen shekarar 1774, kuma ƙasar Kebbi na cikin wuraren da ya fara zagayawa kafin ya yi shekarunsa a Zamfara. Yana kiran mutane da wa'azi da kuma waƙoƙi cikin harshen da suke ji. Ƙaninsa Abdullahi, wanda aka damƙa masa tun yana ɗan shekara 13, yana tare da shi, kuma ya ba da labarin tafiye-tafiyen a littafinsa Tazyinul Waraƙat. To, me ya fito daga waccan tafiya? Malam Abdullahin Gwandu ne, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda har yau ake karanta littattafansa a zaurukan ƙasar nan. Karatu ne jigon tafiyarsu, waƙa hanya ce ta isar da shi. Mu kuwa mun riƙe waƙar mun saki karatun.

Kai, ko waɗanda ba addininmu ɗaya ba sun gane wannan. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai tawagar yara mawaƙa da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, asalinta hidimar cocin fada. Yaran kimanin 100 ne, galibi 'yan shekara 10 zuwa 14, an kasa su gida huɗu, kowane kashi da lokacin tafiyarsa da lokacin zamansa a aji, suna da makarantarsu ta kwana da masu kula da su a hanya. Ban kawo su don mu kwaikwayi ibadarsu ba, Allah Ya kiyaye. Na kawo su ne don mu ji kunya, domin mu aka fi tsoratarwa game da cin amana. A gida ma muna da abin koyi. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato, wato Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yau, ta fara a 1986, tana tafiya ne daki-daki daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, da lokaci sananne, da alƙalai sanannu, kuma kyauta ana ba da ita da sunan wanda ya ci a bainar jama'a.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da kwamitocin wa'azi su ɗaura wa kansu waɗannan sharuɗɗa. Na farko, kada a fita da yaro sai da izinin uba ko waliyyi, kuma a gaya masa garuruwan da za a je da ranar dawowa. Na biyu, tafiyar kwana ta zama lokacin hutu kawai, domin dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta, mu kuwa addininmu ya riga ta wajabta neman ilmi. Na uku, a sa yara a farkon taro, kafin ƙarfe goma su kwanta, a ɗaki mai iska da gidan sauro, kuma kada baligi guda ya kaɗaita da su, a samu amintattu biyu aƙalla. Na huɗu, kowace safiya a zauna tilawa da bitar darasi kafin a ɗaura kaya. Na biyar, a buɗe littafin kuɗi, a ware wa yaran kaso sananne a miƙa wa iyayensu ko a biya musu kuɗin makaranta da littattafai. Na shida, wanda muryarsa ta dishe a hutar da shi, wanda tasa ta fashe a riƙe shi har ya kammala karatu, a koya masa tajwidi ko tsara waƙar da ƙannensa za su rera.

Ku kuma iyaye, kada kunyar malam ta hana ku tambaya. Ku masu gayyata, kafin ku yi hayar rumfa ku tanadi abincin yaran da makwancinsu. Wanda ya ga ba zai iya cika waɗannan ba, ya yi taronsa ba tare da su ba, wa'azi ba ya ɓaci don an rasa waƙa. Kowannenmu makiyayi ne abin tambaya, kuma yaran nan za su girma su tuna yadda muka riƙe su, da shi za su auna gaskiyar abin da muka sa suka rera.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke amana, Ya gafarta mana abin da muka gaza.