Ga Masu Cewa "Ai Surutu Ne Kawai"

Mun gaji da jin hukuncin nan, wai duk fim ɗin barkwancin da babu faɗuwa ƙasa, babu mari, babu guje-guje a cikinsa, surutu ne kawai. Masu faɗin haka su zo mu zauna a kan Clerks, wanda Kevin Smith ya fitar a 1994.

Smith yaron shago ne a garin Leonardo na jihar New Jersey a Amurka. Da dala 27,575 ya yi fim ɗin, yawancinsu bashi, kuma a shagon da yake aiki ya ɗauke shi, da dare bayan an tashi. Hoton baƙi da fari ne, 'yan wasan ba wanda ya san su. Abin da ya rage masa na jari shi ne bakin mutum biyu, Dante da Randal, masu tsaron shago da zaman banza ya ishe su.

A wani wuri Randal ya tayar da gardama kan fim ɗin Return of the Jedi: tashar yaƙin da jarumai suka tarwatsa ba a gama gina ta ba, to leburori da masu gyaran famfo da ke aiki a ciki fa, me suka yi aka hallaka su? Muna dariya, amma tambayar ta kama mu. Shin mai neman abincinsa a ƙarƙashin azzalumi yana da kaso a zunubin? Ba mota ko ɗaya da aka ƙona kafin a kai mu nan.

Ba mu wanke fim ɗin ba. Bakinsa ba linzami, batsa ta yi yawa, kuma ba za mu kunna shi gaban yara ko surukai ba. Amma ko wannan hujja ce a gare mu: hukumar tantance finafinai ta Amurka ta fara ba shi NC-17, matakin da ya haramta wa yara kallo, saboda kalamai kaɗai, sai da aka ɗaukaka ƙara aka sassauta. Ashe magana tana da nauyin da za a ji tsoronta.

Abin da ke ba mu haushi shi ne marubutanmu da ke kukan rashin kuɗi, alhali kullum suna wuce teburin mai shayi, inda ake gardamar da ta fi ta Randal daɗi, ba su taɓa tsayawa da biro ba.