Kati Na 13 Da Masu Fassara Shi

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, wani sabon duba ya shigo mana ta cikin wayar hannu, ana yin sa da waɗansu katunan Turawa da ake kira tarot. Abin mamaki, wanda zai fashe da dariya in ya ji an ce wance ta tafi wurin boka an buga mata ƙasa, shi ne zai natsu gaban waya yana kallon Baturiya tana juya kati, gabansa ya faɗi in ta buɗe mai hoton ƙwarangwal. Tun da muna da'awar ilmi, ya kyautu mu bincika asalin abin da ke ba mu tsoro.

Katunan nan 78 ne, an fara yin su a arewacin Italiya wajen 1440, kuma don wasa aka yi su, kamar kartar da ake bugawa a tasha. Ba a mai da su abin duba ba sai a ƙarni na 18. A 1781 wani marubuci a Faransa, Court de Gébelin, ya ce wai asirin malaman Masar ta dā ne aka ɓoye cikin hotunan. A lokacin kuwa babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni a Turai duka, sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma da aka karanta ba a sami labarin tarot a ciki ba. Amma ƙaryar ta riga ta sami kasuwa.

Kati na 13 shi ne na Mutuwa. A tsofaffin katunan Marseille ko suna ba a rubuta masa ba: ƙwarangwal ne riƙe da lauje yana girbi, ga kawunan mutane a ƙasa, ɗaya da kambin sarauta. Masu zanen farko ba su yi ɓoye-ɓoye ba. Kakanninsu sun ga annobar 1347 zuwa 1351, wadda ta kwashe kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, har aka riƙa zana Mutuwa a bangon maƙabartu tana jan sarki da limami da talaka a sahu ɗaya. Watau hoton wa'azi ne, irin abin da malamanmu suka daɗe suna faɗa: babu wanda za a bari.

Ita ma kartar yau da kullum tana da nata katin mutuwa, shi ne katin ɗaya mai baƙar alama kamar kan mashi. Wani ɓangare na tarihinsa labarin haraji ne. Daga 1765 ofishin harajin Ingila ne ke buga wannan kati da kansa, don shaidar an biya kuɗin gwamnati, wanda ya yi jabunsa kuwa hukuncinsa kisa ne. A 1805 an rataye wani Richard Harding a London kan haka. A yaƙin Biyetnam kuma, tun wajen 1966, sojojin Amurka suka riƙa ajiye shi a kan gawarwaki don razana abokan gaba. Mutane ne suka ɗora masa mutuwa da hannunsu, takardar ba ta san kome ba.

To, yau me masu duba ke cewa in kati na 13 ya fito? Sai su yi murmushi su ce kada hankalinka ya tashi, ba mutuwa yake nufi ba, canji ne, ƙarshen wani abu da farkon wani. Hujjarsu sau da yawa ita ce katunan da Pamela Colman Smith ta zana wa Arthur Waite a 1909, inda aka nuna rana can nesa tsakanin hasumiya biyu. Mu a ganinmu wannan tausasawa dabarar ciniki ce. Wanda aka ce masa zai mutu ba ya komowa mako mai zuwa da kuɗi. Wanda aka ce masa canji na tafe kuwa zai komo ya ji wane iri ne. Kuma wa ke raye da canji ba ya tafe masa? Jarrabawa na tafe, canjin wurin aiki na tafe, aure na tafe. A cikin katunan duka, wannan ne kaɗai maganarsa ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, shi ne kuma suka ga ya kamata a rufe wa baki.

Waɗansu za su ce nishaɗi ne kawai, ko madubi ne da mutum ke duba zuciyarsa. Mun ji. Amma ɗalibin da mahaifiyarsa ke kwance asibiti ba nishaɗi ya kai shi ba, kuma in ƙwarangwal ya fito, duk wani tawili ba zai sa ya yi barci a daren ba. Daga nan ne ake fara maganar kuɗin kariya, kamar dai yadda boka ke neman baƙin bunsuru. Musulmin cikinmu sun san ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta keɓe sanin inda rai zai mutu ga Allah Shi kaɗai. Wanda kuma yake son lissafi, ga shi: in an baje kati goma daga cikin 78, kamar yadda aka saba, na 13 zai fito wajen sau ɗaya cikin takwas, ko mai lafiya aka yi wa dubar ko majinyaci.