Cutar "A Dakata Tukuna"

Dattawan Limawa da Dobeli da Rumde, da sauran unguwannin Jimeta, ba su manta da ran 27 ga watan Fabrairu na 1984 ba. A ran nan ne mabiyan Maitatsine, a ƙarƙashin Musa Makaniki, suka ta da fitina a garin, wanda a lokacin yake cikin Jihar Gongola. Kafin soja su kwantar da ita, ɗaruruwan rayuka sun salwanta, babbar kasuwa ta ƙone, dubban mutane sun bar gidajensu.

Abin baƙin ciki shi ne, fitinar nan ba daga sama ta faɗo ba. Tun 1962 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kori Muhammadu Marwa, watau Maitatsine, daga ƙasarsa. Mutumin ya komo, ya kafa sansani a 'Yan Awaki, yana tara almajirai, maƙwabta suna kuka, hukuma tana kallo. A watan Nuwamba na 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takarda, ya ba shi wa'adin mako biyu. Wa'adin ya cika, ba a yi kome ba. Ran 18 ga Disamba wuta ta kama, har hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mamata 4,177. A watan Oktoba na 1982 aka maimaita a Bulumkutu ta Maiduguri, da Rigasa ta Kaduna. Ashe kuwa Jimeta ta sami fiye da shekara uku tana ganin gemun 'yan'uwanta yana cin wuta, ba a shafa wa nata ruwa ba.

Sau da yawa ba mugunta ce ke kawo irin wannan sakaci ba, raunin ɗan Adam ne. Mai gida ya ba baƙo haya, ya ga take-takensa, amma kunya da kuɗin wata suka rufe masa baki. Mai unguwa ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce bari dagaci ya fara magana. Dagaci yana jiran hakimi, hakimi yana jiran 'yan sanda, su kuwa suna jiran umurni daga sama. Ɗan siyasa yana tsoron ɓata wa masu ƙuri'a rai. Kowa yana so a ce shi mutumin kirki ne, ba wanda yake so a ce shi ya fara.

Lalle masu sarauta suna da hanzari. Tun da aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ikonsu ya ragu ƙwarai. Amma ba a karɓe musu ido da baki ba, kuma al'adar kai baƙo gaban mai unguwa ba ta bukatar doka.

Bayan fitinar Jimeta an naɗa Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya yi bincike. Duk da haka, a watan Afrilu na 1985 aka sake zub da jini a Pantami ta Gombe. Bincike ba ya ta da matacce. Duk wanda aka ɗora wa amanar jama'a, ko ta gida ɗaya ce, ya sani ƙin yanke shawara shi ma shawara ce, kuma talaka ne yake biyan kuɗinta. Allah ya kiyaye gaba.