Kachala: A Tare Ta Tun Ba Ta Cinye Fadamun Rabah, Wurno Da Goronyo Ba

Hutun da ya wuce na je gida Rabah, wani ƙanen mahaifina ya ja ni zuwa fadamar da muka gada kaka da kakanni. Inda na san ana shuka albasa da tumatir ina yaro, na tarar da kusan rabinsa ya koma dajin wata doguwar ciyawa wadda ta fi mutum tsawo. Ya dube ni ya ce, "Malam, shekara uku ke nan ina banka mata wuta, kullum sai ta dawo ta fi da kyau."

Wannan ita ce kachala, wadda magabata suka sani da sunan shalla. A matsayina na ɗalibin harshe, na lura cewa da ana ambaton ta ne a gefen tafki kawai, amma yau sunanta ya shiga bakin manomi da masunci a matsayin annoba.

Mai karatu zai so sanin abin da ya ba ta ƙarfi. A da, gulbi kan cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawar ta tsaya inda take. Da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ruwa ya koma kwanciya a magudanai da kwaruruka shekara cur, kuma ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kachala ke so. Haka aka yi a dausayin Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, inda ta toshe hanyoyin ruwa, ta raba dubban mutane da gonakinsu da wuraren kamun kifinsu. Ga shi kuma ta zama mafakar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon koɗi mai yaɗa cutar tsargiya.

Dalilin da ya sa wuta ba ta kashe ta shi ne, ranta yana cikin saiwarta da ke tafiya a ƙarƙashin laka. Turawan Ingila sun ɗanɗana irin wannan da wata ciyawa 'yar asalin Japan da aka kai musu a 1850 don ƙawata lambu. Ɗan guntun saiwarta kaɗai ya isa ya sake tsiro, har ta kai dokar ƙasar ta 1981 ta haramta shuka ta a daji. Sun raina ta tana ƙarama, yau suna kashe maƙudan kuɗi a kanta.

Maganin kachala sananne ne. Ganyenta ne ke kai wa saiwar iska, saboda haka idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, aka maimaita sau biyu ko uku tana tohowa, saiwar kan shaƙe ta ruɓe. Sai dai aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin wanda ya share tasa gonar, ta maƙwabcinsa za ta sake aiko masa da iri ta iska.

Don haka ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ta mayar da yashe magudanan ruwa aikin kowace shekara, ta kuma tsara sakin ruwa yadda ƙasa za ta riƙa samun lokacin bushewa. Ƙananan hukumomin Rabah da Wurno da Goronyo su samar da lauje da kwale-kwale, hakimai da dagatai kuma su farfaɗo da aikin gayya. Masananmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su dubi abin da ake yi a Sanagal, inda ciyawar ta yaɗu bayan gina madatsar Diama a 1986, aka koma sarrafa ta ana yin gawayi da kayan rufin ɗaki. Idan matashi ya san zai sami kuɗi a yankan ta, ba sai an roƙe shi ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fadama ita ce rumbun talaka da rani, idan ta tafi, cirani ne kaɗai zai rage wa 'ya'yanmu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji da aikatawa.