Jinjina Ga Masu Shigowa Ƙididdiga Daga Wani Fage, Amma Da Sauran Aiki

Ku da kuka karanta aikin gona, ko kimiyyar halittu, ko tattalin arziki, sannan kuka juyo ga ilimin ƙididdiga da girmanku, sannunku da ƙoƙari. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya riƙe digiri a hannu, sa'o'insa sun fara ɗaukar albashi, shi kuma ya koma ya zauna da littafin kalkulas yana warware abin da 'yan aji ɗaya ke warwarewa. Kun ji ana cewa kun yi asarar shekaru, kun daure. Allah ya saka.

Kuma ba ku yi asarar komai ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar gwaji ya san dalilin da ya sa masarar da ke kunyar bakin hanya ba ta kai ta tsakiya ba: awaki sun taɓa ta, ruwa ya zaizaye takin. Idan adadin amfanin wannan kunya ya fito a kwamfuta, ya san abin da zai tambaya kafin ya yarda da shi. George Box ɗan Ingila da kimiyyar sinadarai ya fara. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka sa shi aikin gwaje-gwajen iskar guba a rundunar soja, sakamakon ya ƙi daidaituwa, ya koya wa kansa ƙididdiga don ya gane shi. Sai a 1953 ya samu digirin digirgir a Landan, kuma shi ya kafa sashen ƙididdiga na Jami'ar Wisconsin a 1960.

To, ga inda nake da magana. Da yawanku yanzu tambayar ita ce: digiri na biyu ko na uku? A Amurka ana iya shiga na uku kai tsaye daga digirin farko, galibi da tallafin kuɗi, ya ɗauki wajen shekara biyar. A jami'o'in Nijeriya sai an bi ta na biyu, wanda ya fito daga wani fanni ma sau da yawa sai ya fara da difloma ta gaba da digiri. Kada ku raina wannan matakin. Digirin digirgir a ƙididdiga lissafi ne zalla a shekarunsa na farko: aljabarar matiris, ka'idar yiwuwa, da kafa hujja mataki-mataki. Iya sarrafa R ko Python ba ya maye gurbin wannan, kuma a nan ne masu sauya fage suka fi tuntuɓe. Gini bai wuce ƙarfin tubalinsa.

Shawarata ita ce ku fara da na biyu, ku yi shi da gaske. Yana buɗe aiki a asibiti, a banki, a Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gertrude Cox ta Amurka da shi ta tsaya; ta same shi a Iowa a 1931. Ta fara na uku a Berkeley ta ajiye shi ta koma ɗakin bincike a Iowa, amma a 1940 ita aka ba shugabancin sashen ƙididdigar gwaje-gwaje a North Carolina, kuma littafin da ta rubuta da William Cochran a 1950 ya raini masu bincike na shekaru masu yawa. Na uku kuwa na wanda yake son ƙirƙiro sabuwar hanyar nazari ne, ko koyarwa a jami'a, wanda wata tambaya ta hana shi barci. Idan sunan "Dakta" kawai ake so, shekarun za su yi ɗaci.

Kowanne kuka zaɓa, akwai bashi a kanku. Nijeriya ba ta sake ƙidayar jama'a ba tun 2006, kuma rajistar asibitocin karkara cike take da bayanan da babu wanda ya zauna ya nazarta. Ku kun san yaren likita da na malamin gona, kun kuma koyi na alƙaluma. Ku koma wurinsu tun kuna zaɓar batun kundinku, ku tambaye su abin da ya dame su.