Shafin da ba da sunanka aka yi rajistarsa ba, aro ne

1/ Matasan Kankara, Faskari da Sabuwa masu ɗan kasuwanci, ku zo mu yi magana. Idan kana da shafin intanet, da imel ɗin wa aka yi rajistar sunansa? In sai ka kira wani kafin ka amsa, to wallahi da sauran aiki.

2/ Abu biyu ne. Domen shi ne sunan shafin, wanda ake rubutawa a shigo. Hostin kuma rumbun da hotuna da bayanai ke zaune. Dukansu haya ce mai wa'adi, ba saye ba.

3/ Ni na koya da tsada. Ni ke kula da shafin kasuwancin hatsin Yayana, masara da waken suya, masu saye daga Legas da Ibadan. Wani yaro a Kaduna ya haɗa mana, ya yi komai da imel ɗinsa. Ban tambaya ba.

4/ Satumban 2021 aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, lokacin Gwamna Masari. Kankara, Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Kira ɗaya sai ka yi tafiya, hanya kuma kun san yadda take.

5/ A cikin wannan duhun wa'adinmu ya cika. Saƙon tuni ya tafi imel ɗin yaron, shi kuma ya canza layi. Sunan da ya ƙare ana ɗan jira, sannan kuɗin fansa, sannan a sake shi kasuwa. Kafin in farga wani ya ɗauke.

6/ Yaya ya ce: “Kai Ƙane, buhunan da muka buga wa adireshin fa?” Ban da amsa.

7/ Wasu za su ce WhatsApp ya isa. Na yarda, can ake ciniki. Amma ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp sun ɗauke kusan awa shida a duniya. Kuma in an rufe maka asusu, wa za ka kai wa ƙara? Rumfa ce a filin wani.

8/ Shawarata: rajista da sunanka, imel ɗinka, kalmar sirri a hannunka. Mai haɗa shafi magini ne, magini ba ya riƙe takardar gida.

9/ Ɗauki .com.ng ko .ng, waɗanda NiRA ke kula da su, ka biya da naira. Farashin .com dala yake bi, kun ga yadda naira ta yi tun Yunin 2023.

10/ Lokacin kaka da kuɗi suka shigo, biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya. Rubuta ranar ƙarewa a littafin bashi, ba a waya kaɗai ba. Sa ɗan'uwa amintacce a Zariya ko Kano ya zama lamba ta biyu.

11/ Ajiye kwafin shafin a filashi. Kuma a yi shi mara nauyi, hotuna kaɗan, don sabis ɗinmu ba na wasa da data ba ne.

12/ Mu da aka taɓa raba mu da duniya wata da watanni, mun fi kowa sanin amfanin shagon da ke buɗe ko muna duhu. Je ka duba naka yau. Wa ke riƙe da shi? Ku faɗa min a ƙasa.