Kafin Zaɓen Ranar Laraba: Wa Zai Riƙe Littafin Kuɗi?

Mu 'yan matan aji biyu ne na ƙaramar sakandare da muke cikin ƙungiyar 'yan jarida ta makarantar nan. Wannan ne karo na farko da aka ba mu fili a allon nan. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda bai gama karantawa da safe ba muna roƙonsa ya dawo lokacin tara ya ƙarasa.

Ranar Laraba mai zuwa za a zaɓi sababbin shugabannin ƙungiyarmu. Da aka liƙa takardar masu neman muƙami mun je mun ƙirga sunaye. Mutum bakwai ne suke son zama shugaba. Mutum huɗu suna son mataimaki. Sakatare mutum ɗaya ne, shi ma mun ji an ce abokansa ne suka rubuta sunansa don tsokana. Wurin ma'aji kuwa babu ko suna ɗaya, fari fat.

Wannan abin ya dame mu, kuma muna da dalili.

Kowa ya tuna a zangon da ya wuce an ce kowane ɗan ƙungiya ya kawo naira ɗari don a sayi kwali da maka da gam. Mun kawo. Wasunmu daga kuɗin tara suka cire, ranar ba su ci komai ba sai da suka koma gida. Amma allon nan ya yi kusan wata biyu da tsohon labari a jikinsa, har rana ta cinye rubutun, jan maka ya koma ruwan ƙasa. Da muka tambaya, shugaba ya ce kuɗi suna wurin ma'aji. Ma'aji ya ce ya ba wani babban ɗalibi ya je kasuwa. Shi kuma wancan ya ce abin da aka ba shi bai kai ba, kuma takardar da aka rubuta sunayen waɗanda suka biya ta ɓata. Mu ba mu ce wani ya ci kuɗin ba, Allah ne ya san gaskiya. Abin da muke cewa shi ne, har yau babu wanda zai iya faɗin nawa aka tara, domin babu inda aka rubuta. Waɗanda abin ya shafa kuma sun rubuta jarrabawarsu sun tafi.

A cikin wannan ɓacin ran ne uwar ƙungiyarmu, malamar Turanci, ta ba mu aikin rubuta tarihin wata shahararriyar mace. Muka zaɓi Kamala Harris, mace ta farko da ta zama mataimakiyar shugaban ƙasar Amurka, daga 2021 zuwa 2025. Malama ta ara mana wayarta muka yi bincike a ofishin malamai. A nan muka ga cewa lokacin da take karatu a Jami'ar Howard da ke birnin Washington, ta shiga wata ƙungiyar ɗalibai mata a 1986. Sunan ƙungiyar Alpha Kappa Alpha. Sai muka bar Kamala a gefe muka bi labarin ƙungiyar, har Malama ta yi mana dariya ta ce aikin da aka ba mu daban, wanda muka yi daban.

A jami'o'in Amurka akwai irin waɗannan ƙungiyoyi na mata zalla, waɗanda 'yan cikinsu suke ɗaukar juna tamkar 'yan uwa. Ƙungiya ɗaya takan kasance da rassa a jami'o'i da yawa, kuma kowane reshe yana zaɓar shugabanninsa daga cikin ɗalibai. An kafa Alpha Kappa Alpha ranar 15 ga Janairu, 1908, kuma ita ce ta farko a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi da mata baƙar fata suka kafa. A wancan lokacin mata a mafi yawan sassan Amurka ko ƙuri'a ba sa jefawa, baƙar fata kuma ana nuna musu wariya a makaranta da jirgin ƙasa da asibiti.

Ga inda labarin ya kama mu. Wadda ta kawo shawarar kafa ƙungiyar wata ɗaliba ce mai suna Ethel Hedgeman. Da a makarantar nan ne, mun san abin da zai faru: ni na kawo shawara, ni ce shugaba, wanda bai yarda ba ya fita. Amma ba ita ta zama shugaba ta farko ba. Lucy Diggs Slowe aka zaɓa, wadda take gaba da ita da aji ɗaya. Ita Ethel, bayan ta gama karatu ta yi aure ta zama malamar makaranta, muƙamin da ta daɗe a kai shi ne ma'ajin ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya, daga 1923 zuwa 1946. Shekara 23 ke nan tana riƙe da lissafi. Muƙamin da yau ɗalibi ko ɗaya a makarantarmu bai ga ya dace ya rubuta sunansa a ƙarƙashinsa ba, shi mai ƙungiyar ta riƙe har ta manyanta.

Muƙamansu suna da sunaye na harshen Girka masu wuyar faɗa. Shugaba ita ce Basileus. Mai rubuta abin da aka tattauna a taro ita ce Grammateus. Akwai wata sakatariyar daban da aikinta rubuta wasiƙu da amsa su. Akwai mai tsaron ƙofa lokacin taro, akwai mai tarbar baƙi. Amma abin da ya sa muka kalli juna shi ne maganar kuɗi, domin mutum biyu ne a kanta. Ɗaya ana kiranta Pecunious Grammateus, wato sakatariyar kuɗi. Ita ce take karɓar kuɗi daga hannun 'yan ƙungiya, ta rubuta, ta ba da rasit. Ba ta ajiye su a wurinta. Sai ta miƙa wa ma'aji, wadda suke kira Tamiouchos, ita kuma ta kai banki, kuma ita ce take biya idan an amince a sayi wani abu. Kun ga ke nan littafi biyu ne. Idan ɗaya ta ce dubu uku ta miƙa, ɗayar ta ce dubu biyu ta karɓa, nan take za a san akwai magana, ba sai an yi wata biyu ana nuna wa juna yatsa ba.

Da muna da wannan tsari a zangon da ya wuce, da ba a zargi kowa ba. Mu har tausayin tsohon ma'ajin muke ji. Mai yiwuwa ko sisi bai taɓa ba, amma ya bar makarantar nan ana yi masa wani irin kallo, kuma ba shi da takardar da zai nuna ya wanke kansa. Muna ganin shi ya sa bana kowa yake gudun kujerar. Wa zai so a kira shi ɓarawo a kan kuɗin kwali?

Akwai wani labarin kuma game da amfanin takarda. Wajen ƙarshen 1912 aka samu saɓani a ƙungiyar. Wasu 'yan ƙungiya suna son a canza suna da launi da yadda ake gudanar da ita. A ƙarshe mutum 22 suka kafa tasu ƙungiyar mai suna Delta Sigma Theta ranar 13 ga Janairu, 1913, ita ma tana nan har yau da ƙarfinta. Wata tsohuwar shugaba mai suna Nellie Quander ta ga idan aka yi sake Alpha Kappa Alpha za ta mutu. Sai ita da wasu suka je suka yi wa ƙungiyar rajista a hukumance ranar 29 ga Janairu, 1913. Aikin cike takarda ne, babu tafi babu hoto. Da shi ƙungiyar ta tsaya, yanzu ta haura shekara ɗari.

Mu fa? Muna tambayar yayyenmu na babbar sakandare cikin ladabi: ina dokokin ƙungiyar 'yan jarida suke a rubuce? Wace shekara aka kafa ta? Su wa suka riƙe ta shekara uku da suka wuce? Mun tambaya, kowa da irin amsarsa. Duk shekara sababbin shugabanni suna farawa ne kamar ba a taɓa yin ƙungiyar ba, domin waɗanda suka sauka ba sa miƙa komai sai mabuɗin kabad.

Mun san za a ce mana wannan Amurka ce, su masu kuɗi ne, mu naira ɗari muke tarawa. Gaskiya ne, kuma shiga irin ƙungiyoyinsu yana da tsada, har wasu ɗaliban can ba sa iyawa. Wannan ɓangaren ba ma sha'awarsa. Amma littafi mai shafi arba'in da biro nawa suke? Kuma kuɗi kaɗan idan an riƙe su da amana suna yin aiki. A 1935 'yan wannan ƙungiya suka shirya aikin lafiya a jihar Mississippi ƙarƙashin wata likita 'yar ƙungiyar, Dorothy Ferebee. Da masu manyan gonaki suka hana ma'aikatansu baƙar fata zuwa wurin da aka buɗe asibitin, sai matan suka loda magunguna a motocinsu suka bi mutanen har gonakin, suna yi wa yara rigakafin agana da mashaƙo. Mu da muka ga abin da mashaƙo ya yi a arewacin ƙasar nan a 2023 mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani ne ya tara kuɗin man motar nan, wani ne ya rubuta, wani ne ya biya.

Wata ƙawarmu da ta ji muna maganar sai ta ce, ai wannan ƙungiyar asiri ce. Mun gane abin da ya sa ta faɗi haka, domin a Najeriya da an ce ƙungiyar ɗalibai a jami'a mai wani baƙon suna, abin da yake zuwa wa mutum ke nan. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa wata ƙungiyar ɗalibai a jami'ar Ibadan da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kai, daga baya wasu suka ɓalle suka kafa nasu, abin ya rikiɗe ya koma sara da kisa. Su waɗannan na Amurka jami'a ta san da su, an san shugabanninsu, kuma sai makin ɗaliba ya kai wani mataki ake karɓarta. Duk da haka ba mu ce ba su da laifi ba. An daɗe ana kuka da yadda tsofaffin 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suke wahalar da sababbin shiga, har an taɓa rasa rayuka. A 1990 shugabannin manyan ƙungiyoyin baƙar fata suka haɗu suka soke tsohuwar hanyar ɗaukar sababbi saboda wannan, amma ba a daina samun masu yi a ɓoye ba.

Wannan ma ba sai mun je Amurka ba. Akwai waɗanda da an maƙala musu bajo a aljihun riga sai tafiyarsu ta canza. Ɗan aji ɗaya ya makara taro da minti biyar, sai tsallen kwaɗo. Mun san yara uku da suka shiga ƙungiyar nan tare da mu suka daina zuwa saboda haka, ɗaya daga cikinsu ita ce ta fi kowa iya zane a ajinmu. Shugaban 'yan jarida ba firifet ba ne, ba a ba shi bulala ba. Aikinsa shi ne allon nan ya samu sabon labari duk mako.

Ga abin da muke roƙo kafin Laraba, kuma muna fatan Malama da shugaban makaranta za su duba. A raba aikin kuɗi gida biyu, mai karɓa daban, mai ajiya daban, kowa da littafinsa. Ba mu da asusun banki, don haka ma'aji ya kai kuɗin wurin uwar ƙungiya a ranar da aka tara, ta sa hannu a littafinsa. Duk ƙarshen wata a liƙa lissafin a ƙasan allon nan, abin da ya shigo da abin da aka kashe, kowa ya gani. Sakatare ya riƙa karanta abin da aka yanke a taron baya kafin a fara sabo. Idan shugabanni za su sauka, a yi zaman miƙa littattafai a gaban kowa.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi mana wuyar faɗa. A al'adar ƙungiyar nan 'yan babbar sakandare ne kaɗai suke tsayawa takara, kuma kullum shugaba namiji, mataimakiya mace, kamar a dutse aka rubuta. Mu ba mu nemi kujerar shugaba ba, mun san ba mu kai ba. Amma yayyenmu mata na aji biyar da suka shekara uku suna rubuta rabin abin da ake liƙawa a nan, me ya hana ɗayarsu? Mu kuma 'yan ƙaramar sakandare, a ba mu mataimakin sakatare da mataimakin ma'aji mu koya tun yanzu. Mu ne za mu fi daɗewa a makarantar nan, littafin zai fi zama lafiya a hannun wanda ba gobe zai tafi ba.

Tun da babu wanda ya rubuta sunansa a wurin ma'aji, biyu daga cikinmu sun yanke shawarar za su je wurin Malama gobe da safe su tambaya ko doka ta yarda 'yar aji biyu ta tsaya. Idan an ce ba ta yarda ba, za mu roƙi a nuna mana inda aka rubuta dokar. Mun riga mun haɗa kuɗi mun sayi littattafai biyu masu shafi arba'in, mun ja musu layi, mun rubuta kwanan wata da suna da adadi a saman kowane shafi. Suna cikin jakar monitar ajinmu, kuma za mu zo da su wurin zaɓe ranar Laraba bayan an tashi, a ajin da ke kusa da ɗakin karatu.

Daga 'yan matan aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.